Masu Auna Ƙasan Kwando

Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a Bakin Dogo ya san ba a yanke ciniki da abin da ido ya gani a sama. Manya ake jerawa a baki, jajaye masu sheƙi. Mai wayo sai ya zura hannu ta gefe, ko ya ce a juye masa a wani kwandon ya gani, tunda kuɗin da zai biya na kwandon ne gaba ɗaya, har da na ƙasan da suka fara ruwa. Babu uwargidan da ba ta da wannan wayon a Kaduna. Abin mamaki, da mun bar kasuwa mun shiga zancen makaranta, sai mu tuɓe shi a bakin ƙofa kamar takalmi.

A lura da makon da sakamakon WAEC ko NECO ya fito. Daga Kawo har Unguwar Rimi za ka ga ƙyallaye a jikin katangar makarantun kuɗi, ana shelar cewa ɗalibansu sun yi zarra. Da la'asar a majalisa wani zai gyara zama ya ce ai shi ya sa ya kwashe 'ya'yansa daga ta gwamnati. Ba mai tambayar su wa aka ɗauka tun aji ɗaya, su wa suka zube a hanya da kuɗin makaranta ya gagara, su wa aka ce su dakata sai baɗi don kada su ɓata wa makaranta lissafi. Saman kwando muke kallo, a kansa muke ciniki.

Akwai mutanen da sana'arsu ita ce gano abin da ke ƙasan kwando alhali ba a ba su damar juye shi ba. Masana ƙididdiga ne masu binciken harkar ilimi, kuma makaminsu shi ne ɗora nauyi. A lissafinsu, wani yaro ana ƙirga shi a matsayin mutum biyar, wani kuma ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Da na fara jin haka na ɗauka wani salon maguɗi ne. Sai da na zauna da takarda da biro na ga ashe inda ba a ɗora nauyin ba, can maguɗin yake kwance.

Yara ba sa sauka a makarantu yadda ruwan sama ke sauka a kan kowane rufi. Ɗan ma'aikacin banki a Malali da ɗan mai tura baro a Rigasa tun kafin su riƙe fensir hanyarsu ta rabu. Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Malali da jarrabawa take ɗaukar ɗalibanta, ita kuwa firamaren gwamnati duk wanda aka kawo mata karɓa take yi. Ko unguwar da mutum yake zaune a garin nan zaɓi ce, musamman tun bayan rikicin 2000 da na 2002, lokacin da iyalai masu ɗimbin yawa suka tsallaka kogi, wasu suka yi arewa wasu suka yi kudu. Hausawa sun riga sun faɗa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To in ɗan barewa ya tsere wa sauran a filin tsere, filin za a yaba ko uwar?

Tambayar da uba yake son amsarta ita ce wannan: ɗana ɗin nan, da na kai shi waccan makarantar, me zai samu? Ba a rayuwa sau biyu, balle a gwada shi nan a gwada shi can. Likitoci suna kauce wa wannan da ƙuri'a, su raba marasa lafiya gida biyu ba tare da duba fuska ba, a ba waɗannan magani a hana waɗancan. A makaranta da wuya hakan ta yiwu. Wane uba ne zai yarda a jefa kwabo sama a kan makomar ɗansa? Saboda haka mai bincike sai ya haƙura da rabon da rayuwa ta riga ta yi, ya zuba ido, sannan ya nemi hanyar miƙe abin da ya karkace.

Bari mu ƙirƙiro misali, alƙaluman nawa ne, don a ga yadda abin ke tafiya. A ce muna da 'yan aji shida su 200, muna son sanin ko lesin ɗin yamma yana ƙara musu maki. Yara 100 iyayensu mata sun gama sakandare, 100 kuma nasu ba su yi boko ba. A cikin 'ya'yan masu boko, 80 suna zuwa lesin, 20 ba sa zuwa. A ɗaya ɓangaren abin ya juya, 20 ne ke zuwa, 80 suna gida ko suna talla. A ce kuma gaskiyar da Allah kaɗai ya sani ita ce lesin maki 5 yake ƙara wa kowane yaro: ɗan mai boko ya tashi daga 65 zuwa 70, ɗayan daga 45 zuwa 50.

Mai gaggawa zai tara 'yan lesin su 100 ya fitar da matsakaicin makinsu, ya samu 66. Ya tara marasa lesin, ya samu 49. Sai ya fito ya ce lesin yana ƙara maki 17, mai gidan lesin kuwa gobe ya buga a ƙyalle. Lissafinsa daidai ne, babu kuskuren tarawa ko rabawa. Matsalar ita ce ajin lesin cike yake da yaran da ko ba lesin suna gaba. A cikin makin nan 17, guda 12 daga ɗakin uwa suka fito.

Ga inda gwani yake nuna hannunsa. Sai ya dubi kowane yaro ya tambaya: a cikin irinka, mutum nawa ne suka bi hanyar da ka bi? Yarinyar da uwarta ba ta yi boko ba amma tana zuwa lesin, ɗaya ce cikin biyar. Ke nan a ajin lesin ita ce wakiliyar kanta da wasu huɗu da ba su samu zuwa ba, don haka a ƙirga ta sau 5. Ɗan mai boko da ke lesin kuwa irinsa sun yi yawa a wurin, huɗu cikin biyar, nauyinsa ɗaya da kwata ya ishe shi. Haka za a yi wa marasa lesin: ɗan mai bokon da ya zauna a gida shi ne baƙo a cikinsu, shi zai ɗauki 5, sauran su ɗauki ɗaya da kwata. Da an gama, 20 sau 5 ya ba da 100, 80 sau ɗaya da kwata ma ya ba da 100. Kowane ɓangare ya koma tamkar yara 200, rabi daga wannan gida rabi daga wancan. Yanzu a sake fitar da matsakaici: 'yan lesin 60, marasa lesin 55. Bambanci 5. Ba a kori yaro ko ɗaya ba, ba a taɓa makin kowa ba, amma gaskiyar da muka binne da hannunmu ta fito.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce a juya yiwuwa a kife. Wanda yiwuwar samunsa a inda yake ɗaya ce cikin biyar, nauyinsa biyar. Wanda ba a cika ganin irinsa a wuri ba shi ne mai tsada, kamar shaidar da ta zo daga nesa.

Asalin dabarar daga masu ɗibar samfur ta fito. A 1952 wasu Amurkawa biyu, Daniel Horvitz da Donovan Thompson, suka nuna cewa in mutanen da ka ɗebo damar ɗebo su ba ɗaya ba ce, kana iya gyara jimla ta hanyar ninka kowa da kishiyar damarsa. Wannan kullum ana yin sa a gabanmu ba mu lura ba. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohin Kaduna, Kano, Jigawa, Kwara, Enugu da Legas, ya gwada ɗalibai da malamai a manyan bincike uku, a 2012 da 2014 da 2016. Irin wannan bincike ba ya gwada kowa, makarantu ake ɗiba, a kowace kuma a ɗebi 'yan yara. To ka tuna da firamaren nan ta Rigasa da jaridu suka yi ta ruwaito cewa ɗalibanta sun haura dubu ashirin. In ka ɗebi yara goma a cikinta, ka ɗebi goma a wata 'yar makaranta mai ɗalibai ɗari biyu, ka zuba su a ƙwarya ɗaya kamar nauyinsu ɗaya, ka danne haƙƙin Rigasa. Kowane ɗaya daga cikin goman farko yana magana ne da bakin yara dubu biyu, na biyun da bakin ashirin.

A misalinmu na lesin abu ɗaya ne ya raba yaran, karatun uwa. A zahiri abubuwan suna da yawa: sana'ar uba, yawan 'yan ɗaki, nisan makaranta, ko yaron ya yi nazare, ko yana haɗawa da Islamiyya, makin da ya samu bara. In ka ce sai ka raba yara gida-gida bisa kowane ɗaya, kafin ka kai abu na goma gidajen sun fi yaran yawa. Paul Rosenbaum da Donald Rubin ne suka warware wannan ƙulli a 1983. Suka nuna ana iya narkar da duk waɗannan bayanai su zama lamba guda, wato yiwuwar cewa yaro mai irin wannan hali zai shiga shirin da ake bincike a kai. Mu kira ta makin yiwuwa. Yara biyu in makin yiwuwarsu ya zo ɗaya, ɗaya ya shiga ɗaya bai shiga ba, to ta fuskar abubuwan da aka auna, kamar ƙuri'a ce ta raba su. Daga wannan makin ake ciro nauyi.

Gardamar makarantar kuɗi da ta gwamnati da muke yi a majalisa, Amurkawa sun yi irinta da zafi. A 1982 James Coleman da abokan aikinsa suka fitar da littafi suna cewa ɗaliban makarantun Katolika sun fi na gwamnati koyo, masu suka kuwa suka ce ai tsintar ɗaliban aka yi. A 2001 Stephen Morgan ya koma kan tambayar da makin yiwuwa, ya gano wani abu da matsakaicin maki ya ɓoye: waɗanda suka fi cin moriyar makarantun Katolika su ne yaran da, bisa halin gidajensu, ba a zaci za a same su a can ba. Wannan Morgan ɗin ba baƙon ƙasar Hausa ba ne, domin a 2010 shi da Ismaila Z. Mohammed da Salisu Abdullahi na Jami'ar Bayero sun wallafa bincike a kan matasan Kano masu ƙarancin karatu da dangantakarsu da iyayen gidansu. Haka kuma a 2005 Guanglei Hong da Stephen Raudenbush suka dubi al'adar sa yaro ya maimaita ajin share fage. Kowa ya san masu maimaitawa sun fi rauni tun farko, don haka kwatanta su da sauran aji zalunci ne. Da suka kwatanta su da takwarorinsu masu irin rauninsu da aka bari suka wuce, sai ya bayyana cewa maimaitawar ta rage musu koyon karatu da lissafi.

Lissafin kansa yau ba wuya gare shi ba. Manhajar R kyauta ce, ɗalibin ƙididdiga a KASU ko Kadpoly zai iya fitar da nauyin yara dubu kafin shayinsa ya huce. Gwanintar tana cikin abubuwan da kwamfuta ba ta yanke wa mutum.

Na farkonsu shi ne sanin abin da za a zuba a tukunya. Abubuwan da suka riga shirin faruwa kaɗai ake sawa, kuma a cikinsu babu kamar makin da yaro ya samu kafin a fara, don Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sabon shiga yakan ɗauka yawan bayanai shi ne inganci, sai ya haɗa har da abin da shirin ne ya haifar da shi, kamar yawan littattafan da yaro ya karanta bayan ya fara lesin. Wannan daidai yake da mai son gwada amfanin taki, amma ya ce sai gonakin da tsayin karansu ya zo ɗaya zai kwatanta. Ya share abin da ya fito nema da hannunsa. Kuma sanin abin da ke kai yaro wata makaranta a Kaduna ba a littafi yake ba. Wanda bai san cewa a wasu gidajen kaka ce ke yanke hukunci ba, ko cewa kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa yana iya hana yarinya sakandare, zai gina ma'auninsa da gurguwar ƙafa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kamun kai. Rubin ya daɗe yana nanata cewa a gina nauyi ba tare da an leƙa sakamakon jarrabawa ba. Gwani yakan rufe wannan shafin, ya yi ta gyara ma'auninsa, yana duba tebur guda: bayan ɗora nauyi, shin ɓangarorin biyu sun yi kama a karatun uwa, a shekaru, a makin bara, a komai? In wani layi ya ƙi daidaita ya koma ya sake. Sai ya gamsu, sannan ya buɗe sakamako sau ɗaya, ya karɓi abin da ya gani ko da bai yi wa mai ba da kuɗin binciken daɗi ba. Wanda ya riƙa leƙe yana gyara, ƙarshenta abin da zuciyarsa ke so zai samu, kuma shi kansa ba zai san lokacin da ya fara tauye mudu ba.

Sai haɗarin nauyin da ya wuce kima. Wani masani ɗan Indiya, Debabrata Basu, ya ba da wani labarin barkwanci a 1971 da har yau ake tsoratar da ɗalibai da shi. Mai gidan wasan dabbobi yana son sanin nauyin giwayensa 50, sai ya yi niyyar auna wani matsakaicin toro mai suna Sambo (ni ma sunan ya ba ni dariya) ya ninka sau 50. Masanin ƙididdigarsa ya dage sai an yi ƙuri'a, aka shirya ta yadda Sambo ke da dama 99 cikin 100, sauran su raba ragowar. Ƙuri'a ta faɗa kan Sambo. Masani ya bi ƙa'ida ya ninka da 100 bisa 99, wato garken duka bai fi giwa ɗaya nauyi ba sai da kaɗan. Da kuwa kan ƙaton cikinsu ta faɗa, sau 4,900 zai ninka. Aka sallame shi daga aiki. A binciken makaranta, giwar ita ce yaro guda da makin yiwuwarsa ya yi ƙasa ƙwarai, a ce ɗan mai gadi da wani attajiri ya ɗauki nauyin karatunsa a makaranta mafi tsada a gari. Ƙa'ida za ta ba shi nauyin yara ɗari biyu. In zazzaɓi ya kama shi ranar jarrabawa, sakamakon binciken duka ya kwanta tare da shi. Gwani yakan bi jerin nauyin da ido, ya rage wa waɗanda suka yi fiffike, ya kuma faɗa a rahotonsa cewa ya rage. Wasu sukan ƙara da ɗaura wa guga igiya biyu, su haɗa nauyi da wani lissafin hasashen maki, dabarar da James Robins da abokansa suka shimfiɗa a 1994, ta yadda in ɗaya ta tsinke ɗayar za ta riƙe.

Wani lokacin ma amsar da ta dace ita ce a ce babu amsa. In a cikin yaran da ke kwana a tsangaya babu ko ɗaya da ya taɓa shiga irin waccan makarantar mai tsada, babu wanda za a ɗora wa nauyi ya wakilce su. Ba a ninka sifiri. Mai gaskiya zai ce bincikena bai kai kan waɗannan ba.

Kaduna cike take da tambayoyin da ke jiran irin wannan hannu. A Janairun 2016 gwamnatin Nasir El-Rufai ta fara ciyar da 'yan firamare, azuzuwa suka cika da yaran da da ba sa zuwa. In matsakaicin maki ya sauka a irin wannan shekara, koyarwa ce ta lalace ko ƙasan kwando ne ya hau sama? A 2017 malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 suka kasa kai makin da aka gindaya a jarrabawar gwaji, aka sallame su aka ɗebi sababbi. Kafin a ce ɗaliban sababbin sun fi ko ba su fi ba, sai an san irin makarantun da aka tura su. A Janairun 2022 makarantun gwamnati suka koma kwana huɗu a mako. Ga kuma shirin AGILE na karatun 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko. A kowane ɗaya akwai mai cewa an ci nasara da mai cewa an yi asara, kuma kowannensu yana da alƙaluma a aljihu.

Nauyi yana da iyaka, masu sana'ar ne kuma suka fi kowa faɗin haka. Abin da aka auna kaɗai yake daidaitawa. Uwar da ba ta yi boko ba amma ta rantse sai 'yarta ta zama nas, ta sayar da akuyarta ta biya lesin, wannan naci nata babu layinsa a fom. Yana iya zama shi ne ya kai yarinyar lesin, shi ne kuma ya sa ta ci. Abin da gwani ke yi shi ne ya tambayi kansa: wannan ɓoyayyen abu, wane irin ƙarfi zai yi kafin ya rushe abin da na samu? Jerome Cornfield ya yi haka a 1959, lokacin da ake cewa wataƙila wani abu ne a jini yake jawo shan taba da sankarar huhu gaba ɗaya. Ya nuna cewa sai yawan masu ɗauke da abin a cikin masu shan taba ya ninka na marasa sha sau tara kafin ya iya bayyana bambancin da aka gani, kuma babu wanda ya iya kawo irinsa. Sakamakon da ɗan ƙaramin ɓoyayyen abu zai iya kifarwa, gwani da murya ƙasa-ƙasa yake faɗinsa.

Akwai kuma yaron da ba ya nan ranar da masu bincike suka zo. A ce Talata ce, ranar kasuwar Kawo, an tura wasu talla. Ko kuma bincike ne na shekara uku, kafin a dawo zagaye na biyu an aurar da wasu 'yan matan, wasu iyalan sun tashi. Waɗanda suka rage su ne masu ƙarfin zama, in aka tsaya a kansu sai makaranta ta yi kyau a takarda saboda raunananta sun tafi. Maganin dai shi ne na ɗazu: a duba su wa suka fi yiwuwar ɓacewa, a nemo irinsu da suka saura, a ƙara musu nauyi. Sai dai hakan ba ya yiwuwa in ba a rubuta komai a kan wadda ta tafi ba tun tana nan.

Shi ya sa aikin nan, duk da sunayen manyan jami'o'in da ke jikinsa, a kan teburin malamin aji yake farawa. Ƙidayar makarantu da ake yi shekara-shekara a jihar, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna ke da hannu a ciki, daga rajistar da hedimasta ya ajiye take samun abincinta. Da safiyar Talata malama a wata firamare a Hayin Banki tana kiran suna, ta kira wata yarinya sau biyu shiru, ta ɗiga alamar ba ta zo ba a gaban sunanta, kusa da shekarunta da makinta na zangon da ya wuce. Bayan shekara biyu, a wani ofis, wani da bai taɓa ganin yarinyar ba zai bi wannan ɗigon, ya nemo wadda suke zama benci ɗaya, mai irin gidansu da irin makinta, ya rubuta 2 a gaban sunanta.